A dubi cikin gidan fitila kafin a rataya neyon a wurin aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan doguwar fitilar nan da mu mutanen Maraɗi muke kira neyon, musamman yadda ya kamata a zaɓe ta idan za a sa ta a garejin gida ko a ɗakin sana'a. Na haura shekara 20 ina haɗa wutar lantarki a gidaje da shaguna a cikin garin nan da kewayensa. Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, kwanan baya wani maƙwabcina dattijo a unguwar Zariya, wanda ya ajiye aikin gwamnati ya mai da garejinsa wurin aikin katako, ya kira ni in ɗaura masa neyon guda biyu da ya aiki yaro ya sayo a kasuwa. Da na tambayi irin wanda aka ce wa yaron ya sayo, sai aka ce an gaya masa ya kawo dogo, mai fari sosai, mai sauƙin kuɗi. Da waɗannan sharuɗɗa uku ne kusan kowa yake sayen neyon a garin nan, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa abin da ya fi muhimmanci, wato ɗan akwatin da ke ɓoye a cikin gidan fitilar.

Sandar da muke gani gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta, aka sa mata iskar argon ko kiripton da ɗigon zaiba wanda bai wuce miligiram kaɗan ba, sannan aka shafe cikinta da farin gari. Sunan neyon ma aro aka yi mata, domin babu iskar neyon a ciki. Idan wuta ta ratsa tururin zaibar sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, garin nan da ke jikin gilashin shi ne yake karɓarsa ya mai da shi farin haske. Sai dai sandar ba ta san iyakar kanta ba, da zarar ta kama za ta yi ta jan wuta har ta ƙone, in ba a sami abin da ya riƙe mata linzami ba. Wannan abin shi ne balas, wanda abokan sana'armu na Katsina da Kano suke kira cok, kuma yana kwance ne a cikin gidan fitilar da muke kira regilet. Balas iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, wato waya da aka naɗe a kan ƙarfe, mai nauyi a hannu, wanda yake tafiya tare da ɗan sitata, wato ɗan abin da yake tayar da sandar ta kama, da ake murɗawa a gefen gidan fitilar. Akwai kuma na zamani mai ƙananan na'urori a ciki, marar nauyi, wanda ba ya buƙatar sitata. Mai shago ba ya yawan faɗin wanne ne a ciki, mai saye kuma ba ya tambaya.

A ɗakin kwana ko a zaure bambancin nan bai wuce na ɗan kuɗin wuta ba. A wurin da inji yake juyawa kuwa maganar ta shafi yatsun mutane. Wani kaso na wutar da muke sha a Maraɗi daga Nijeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma a can da nan duka wutar tana kaiwa da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Neyon mai balas na ƙarfe yana bin wannan kaɗawa sau da ƙafa, don haka haskensa yana dusashewa yana dawowa sau 100 a kowace daƙiƙa. Ido ba ya kama wannan ƙyaftawa idan yana kallon bango, amma idan abu yana juyawa a ƙarƙashin fitilar, ido yana ganinsa ne a lokacin da hasken ya cika kaɗai. Idan ya zamana tsakanin ƙyaftawa ɗaya da ta biye haƙorin zarto ya matsa daidai gurbin haƙorin da ke gabansa, to mai kallo zai ga zarton kamar a tsaye yake. Ƙafar inji mai hannu 4 da take juyi 1500 a minti, wato 25 a daƙiƙa, tana yin rubu'in juyi daidai a tsakanin kowace ƙyaftawa, saboda haka sai ta bayyana kamar ba ta motsi. Dutsen wasa wuƙa na inji, wanda juyinsa ya ɗan gaza 3000 a minti, yakan bayyana kamar yana tafiya a hankali da baya. Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne bayan an kashe inji, sa'ad da ƙararsa ta ragu amma zarton bai gama tsayawa ba, domin yana rage gudu yana bi ta kan matakan da haƙoransa suke daidaituwa da ƙyaftawar fitila.

Ba daga littafi na fara sanin wannan ba. A farkon shekarun sana'ata na haɗa wa wani kafinta wuta a shagonsa, na rataya masa neyon ɗaya mai balas na ƙarfe daidai saman teburin zarto, ina ganin na yi masa aiki mai kyau tunda wurin ya haskaka. Bayan wasu watanni, da dare, wani yaron shagon ya kashe injin, ya dubi zarton ya ga kamar ya tsaya, ya miƙa hannu zai ɗauke guntun katako. Allah ya taƙaita abin a kan yatsa ɗaya, amma kan yatsar bai dawo ba. Mutane suka ce gaggawar yaro ce, kuma akwai gaggawa a ciki, sai dai ni da na koma shagon da dare na kunna injin na kashe na tsaya ina kallo, na ga abin da yaron ya gani da idona. Tun daga ranar ban ƙara sa balas na ƙarfe a saman wani abu mai juyawa ba, ko da mai aikin ya nace saboda araha.

Balas na zamani yana kunna sandar da kaɗawa fiye da sau 20,000 a daƙiƙa, gudun da garin jikin gilashin ba ya samun zarafin dusashewa a tsakaninsa, don haka wannan ruɗin ido ba ya faruwa, kuma gunjin nan da tsohon neyon yake yi a kan mutum duk yini yana gushewa. Wanda yake son ya gwada fitilar da ke shagonsa yau, ya buɗe kyamarar wayarsa ya nuna ta ga fitilar: idan ya ga baƙaƙen layuka suna tafiya a fuskar wayar, fitilar tana ƙyaftawa. Ko kuma ya kaɗa fensir da sauri a ƙarƙashinta, idan ya ga fensir da yawa a jere maimakon inuwa ɗaya da ta haɗe, amsar ke nan. Wanda bai da halin sauya balas yanzu, ya ƙara wata fitila marar ƙyaftawa kusa da bakin injin, kuma ya kafa wa yaransa doka cewa ba a kai hannu ga zarto sai an ƙirga an tabbatar.

Akwai kuma maganar raunin wuta. Wutar gida a ƙasarmu bolt 220 ce a ƙa'ida, amma a gareji da yawa ba ta isa haka, domin galibi da siririyar waya mai tsawo aka jawo ta daga cikin gida, ga injin walda a maƙwabta, ga kowa ya kunna kayansa bayan magariba. Balas na ƙarfe ba ya jure wannan. Sitata zai yi ta bugawa, sandar ta kama ta saki, ta kama ta saki, kuma kowane bugu yana cin ɗan abin da aka shafa wa wayoyin da ke bakunan sandar biyu. Baƙin da ake gani a bakin neyon alamar wannan ci ce. Mutane sukan bar fitila tana ƙyafta-ƙyafta har kwana da kwanaki suna jiran ta gyaru da kanta, alhali a wannan hali balas ɗin yana ɗaukar zafin da zai iya kashe shi. Idan sanda ta fara haka a kan wuta mai ƙarfi, a kashe ta, a fara sauya sitata tunda shi ya fi araha, in ba ta daina ba a sauya sandar. Balas na zamani mai kyau ya fi haƙuri da raunin wuta, kuma akan rubuta a jikinsa daga bolt nawa zuwa nawa yake aiki. A karanta wannan rubutu kafin a biya kuɗi, musamman ga wanda yake aiki da janareta, wanda muke kira gurup, tunda wutar ƙaramin gurup tana hawa tana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa.

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba cewa balas na zamani ma suna suka tara. Kasuwa cike take da marasa suna, waɗanda idan ka buɗe su za ka ga abubuwan ciki ba su cika tafin hannu ba. Irin waɗannan suna fizgar sandar da ƙarfi ba tare da sun ɗumama bakunanta ba tukuna, sai ka ga sabuwar sanda ta yi baƙin baki cikin ƴan watanni, wasunsu kuma ba sa tsallake damina ɗaya saboda tsawa. Araha ba ta ado. Wanda zai saya ya nemi mai sunan kamfani da cikakken rubutu a jiki, mai zanen yadda ake haɗa wayoyinsa, kuma ya tabbata ƙarfinsa ya dace da sandar, domin balas na wat 18 ba ya ɗaukar sandar wat 36.

Shawarwarin da ake samu daga Turai da Amurka game da fitilar gareji, yawancinsu a kan sanyi suke, saboda a can neyon yana ƙin kamawa idan ƙanƙara ta sauka. Mu namu ciwon zafi ne da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Sandar da aka fi sani, mai kaurin milimita 26 da ake kira T8, tana ba da cikakken haskenta ne idan iskar da ke kewaye da ita tana wajen digiri 25, idan zafi ya haura haka haskenta yana raguwa. Siririyar nan mai milimita 16, wato T5, an ƙera ta ne ta cika haske a wajen digiri 35, don haka ta fi dacewa da yanayinmu, sai dai ba ta shiga gidan T8 domin tsawonta da ƙafafunta daban ne, kuma da balas na zamani kaɗai take aiki. Mai kaurin milimita 38, T12, wadda iyayenmu suka sani, zamaninta ya wuce, wanda ya same ta a shago ya bar ta a nan. Zafi ya fi cutar da balas ɗin kansa, domin a cikin na zamani akwai kondansata, wato ƴar na'urar da take tara wuta, mai ruwa a ciki, kuma ƙa'idar da masu sana'a suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Saboda haka kuskure ne babba a ɗaure gidan fitila a jikin kwano ko a kan ƙarfen da ke manne da shi. A sauko da shi da sarƙa ko waya mai ƙarfi, kamar kamu ɗaya ko fiye, yadda iska za ta riƙa bi ta bayansa. Wannan saukowa tana ƙara kusanto da hasken ga teburin aiki, riba biyu ke nan.

Ƙura kuwa kowa ya san halinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga kuma garin katako da hayaƙin mai a wurin masu gyaran babur da mota. Sandar da ƙura ta lulluɓe tana shan wuta kamar kullum tana ba da haske kaɗan, mai shagon kuma sai ya ce ta tsufa. Sau da yawa an kira ni in sauya fitila, na kashe wuta na goge ta da ɗanyen tsumma na bar ta ta bushe na mayar, aikin ya ƙare a nan. Akwai gidan fitila mai murfin roba da aka rufe shi ruf, wanda ake rubuta wa IP65, ƙura ba ta shigarsa, feshin ruwa ma haka. A wurin aikin katako da wurin da ake ɗaga dogayen ƙarafa shi nake ba da shawara, domin murfin yana kare sandar daga bugu, in ma ta fashe gilashin ba ya zubo wa mutum a ka. Aibinsa ɗaya ne, yana riƙe zafi a ciki, shi ya sa nisanta shi da kwano ya zama dole.

Sai rubutun da ke bakin sandar, wanda mutane ƙalilan ne suke dubawa. Za a ga an rubuta ƙarfinta, misali wat 36 ga mai tsawon santimita 120, wat 18 ga mai 60, wat 58 ga mai 150, sannan a biyo da lamba mai harafi uku kamar 840 ko 865 ko 765. Lambar farko tana nuna yadda fitilar take fito da launin abubuwa na gaskiya: 8 tana nufin maki 80 zuwa sama cikin 100, 7 kuma ƙasa da haka. Biyun ƙarshe suna nuna launin hasken kansa, 30 mai ɗan ja-ja kamar na tsohon ƙwan fitila, 40 fari tsaka-tsaki, 65 fari mai shuɗi-shuɗi kamar hasken rana tsaka. Mutanenmu sun fi son na ƙarshen saboda ido yana ɗaukarsa a matsayin mafi haske, kuma mafi arahar da ake samu ita ce 765, wadda wasu kamfanoni suke rubuta wa 54. Amma ga lissafin: sandar wat 36 mai lamba 765 tana ba da lumen, wato ma'aunin hasken da fitila take fitarwa, wajen 2500, mai lamba 840 kuwa tana ba da wajen 3350, alhali wutar da suke sha ɗaya ce. Tsohon ƙwan fitila na wat 100 bai wuce lumen 1400 ba, domin a kwatanta. Bambancin yana cikin garin da aka shafa wa gilashin. Makanikin da yake neman jar waya a cikin ruwan ƙasa a ƙarƙashin sitiyari, da mai fentin mota da yake haɗa launi, da telan da yake daidaita zare da yadi, duk suna buƙatar lambar da ta fara da 8. Ni a wurin aiki na fi son 840, domin ba ta gajiyar da ido idan dare ya yi nisa, amma wanda ya saba da farin nan mai shuɗi ya ɗauki 865, ba zan yi jayayya da shi ba.

Game da yawan fitilun, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan yakan yaudari mai shi, domin mutum yana sabawa da duhu har ya ɗauka haske ne. Ma'aunin hasken da ya sauka a kan wuri shi ne luks, wato lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Ƙa'idar da ake bi a Turai tana neman wajen luks 300 ga aiki na gama-gari kamar gyaran mota, 500 ga aikin tebur da injin katako, fiye da haka ga aiki mai ƙananan abubuwa. Garejin maƙwabcina mita 4 ne a kan 5, wato murabba'i 20, saboda haka ko a kan luks 300 na gama-gari yana buƙatar lumen 6000 su sauka ƙasa. Da yake bango da rufi da ƙura suna cinye kusan rabin abin da fitila ta fitar, sai a nemi ninkinsa, wato 12,000, kuma wannan sanda huɗu ce ta wat 36 mai kyau. Biyun da aka sayo masa, masu lamba 765, ko rabin haka ba su kai ba. Abin da ya fi kowace fitila araha a wannan lissafi shi ne farar ƙasa ko farin fenti. Bangon siminti da ba a shafa ba yana haɗiye haske, farin bango yana mayar da mafi yawansa cikin ɗaki.

Inda aka rataya su ma yana da nasa hukunci. Al'adarmu ita ce fitila ɗaya a tsakiyar ɗaki, teburin aiki kuma a jikin bango, sai ya zamana mai aiki ya ba fitila baya, inuwarsa ta faɗa a kan abin da yake yi. Fitilar tebur ta kasance a saman bakin teburin, ta bi tsawonsa. A garejin mota kada a sa ta daidai saman motar, domin rufin motar kaɗai za ta haskaka, idan an ɗaga murfin inji kuma ya tare ta. A jera su a gefe biyu, dama da hagu, a ƙara ɗaya a gaba wajen inji. Kowane layi ya sami makunninsa, domin kada a kunna huɗu saboda aikin da ɗaya za ta isa. Gidan fitila na ƙarfe a haɗa masa wayar ƙasa, kuma a wurin da ake zuba fetur ko ake fesa fenti kada a bar buɗaɗɗen gida mai sakakkun ƙafafu, domin tartsatsi ɗaya ya isa. Fitilar hannu da ake shiga da ita ƙarƙashin mota kuwa ta zama mai batir ko mai bolt 12, kada a ja sandar gilashi mai wutar gida a shiga da ita inda mutum yake kwance a ƙasa.

Kuɗin wuta yana bin balas shi ma. Na ƙarfe yana cin wajen wat 9 na kansa, wanda yake tafiya a zafi, don haka sanda huɗu suna shan kimanin wat 180, da na zamani kuwa wajen 144. A aikin awa 10 a rana, kwana 26 a wata, wannan kusan kilowat-awa 47 ne a gefe ɗaya da 37 a ɗaya gefen, kuma kowa ya san yadda zai ninka da farashin da ke takardarsa.

Malam Edita, da a ce shekara 10 da suka wuce nake wannan rubutu, da a nan zan tsaya. Amma gaskiya ta wajabta mini in faɗa cewa kwanan neyon ya kusa ƙarewa. Saboda zaibar da ke cikinsa, Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin sandunan T5 da T8 kasuwanninta tun watan Agusta na 2023. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda aka sa wa hannu a Japan a 2013 ta fara aiki a 2017, kuma Nijar tana cikinta, ta ɗauki sunanta ne daga garin da aka gano cutar gubar zaiba a 1956. A taronta na Janeba a ƙarshen 2023 aka ɗiba wa dogayen sandunan wa'adin daina ƙerawa da fataucinsu tsakanin ƙasashe, masu tsohon gari irin 765 zuwa 2026, sauran zuwa 2027, kuma ƙasashen Afirka ne suka gabatar da buƙatar. Abin da nake tsoro shi ne abin da aka saba, wato kayan da aka ƙi a wani wuri su kwararo kasuwanninmu da farashi mai jan hankali, mafi munin ciki kuma su fi yawa. Ina kira ga ƴan kasuwarmu, waɗanda suke sari daga Kano da Kwatano da sauran wurare, su dubi lambar da ke bakin sanda kafin su cika shago da ita.

Saboda haka ga yadda nake raba shawarata. Wanda yake da gidajen neyon masu kyau da balas na zamani, ya ci gaba da amfani da su har su ƙare, ya ajiye sanda biyu ko uku masu lamba 840, babu dalilin zubar da abin da yake aiki. Wanda yake buɗe sabon wuri, ko wanda balas ɗinsa na ƙarfe ne, kuɗin da zai kashe ya fi kyau su tafi ga sandar LED mai tsawo iri ɗaya, wadda take shan wajen wat 18, take kamawa nan take ko da wuta ta yi rauni, kuma ba ta da zaiba. Ga mai aiki da farantin sola da batir ma babu wata muhawara. Sai dai duk abin da na faɗa a sama yana nan daram a kanta: ta arahar tana ƙyaftawa kamar tsohon neyon ko fiye, don haka a gwada ta da kyamarar waya tun a shago, zafin kwano yana kashe ta, kuma da yawa daga cikinsu lumen ɗinsu bai kai na sandar 840 ba, a karanta adadin a ƙara yawansu idan ya kama. Wajen sa ta a tsohon gida kuma, wata ana cire sitata a sa nata, wata sai an tsallake balas gaba ɗaya an sake haɗin waya, wannan aikin mai sana'a ne, kuma ya bar rubutu a jikin gidan domin kada wani ya zo daga baya ya mayar da neyon a kan wuta kai tsaye. A garejin maƙwabcina haka muka yi: ya shafa farar ƙasa, muka mayar da gidaje biyun da aka sayo, muka rataya huɗu masu murfi da sarƙa, na kuma tsaya tare da shi da dare muka kashe zarto muka kalle shi har ya tsaya.

Abin da ya rage, wanda ba ni da maganinsa ni kaɗai, shi ne matattun sanduna. Ana jefa su a juji da kwalbatoci, yara suna ɗauka suna wasan takobi da su, suna fasawa domin su ji ƙarar su ga farin garin ya tashi, tururin zaiba kuwa ba shi da wari balle a guje masa, kuma ya fi illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara da mata masu ciki. Idan sanda ta fashe a ɗaki, a fitar da mutane, a buɗe ƙofa da taga kamar minti 15, a kwashe gilashin da guntun kwali, a goge garin da ɗanyen tsumma, a zuba duka a gwangwani mai murfi, kada a share da tsintsiya domin tana tayar da shi sama. Yanzu da mutane za su riƙa cire neyon suna sa LED, sandunan da za a zubar za su ƙaru ƙwarai a cikin ƴan shekarun nan. Ina roƙon hukumar birni da ma'aikatan kula da muhalli su ware wuri guda, ko da a bakin babbar kasuwa ne, inda masu sana'a irina za su riƙa kai su ba tare da an fasa ba. A bayan shagona akwai kwalaye uku cike da waɗanda na ciro daga gidajen mutane, na naɗe su da takarda na ɗora su inda hannun yaro ba ya kaiwa, ina jiran a faɗa mini inda zan kai su.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani mai haɗa wutar lantarki,
Unguwar Zariya, Maraɗi.